Karen da Ya Gaji Ƙishirwa

Kiyashi ne ya fara sanar da gidanmu cewa Baffa yana da ciwon sukari. Ina ɗan shekara tara a lokacin, a unguwar Birni ta Damagaram. Inna ce ta lura da yadda kiyashi ke yin dandazo a bayan ɗaki duk inda ya tsuguna, ta ja mahaifinmu gefe ta faɗa masa, aka kai Baffa asibiti, likita ya tabbatar. Tun daga ranar na haddace abin kamar karatun allo: in ka ga kiyashi a kan fitsari, to sukari ne. Bayan shekara ashirin wannan ɗan sanin ya ceci ran wani kare a Faransa, ko da yake fassarar da na yi masa kuskure ce.

A watan Satumba na 2012 na sauka birnin Mompeliye, a kudancin Faransa, domin ƙaro karatu a kan ƙasar noma. Kuɗin tallafin da ake ba ni ba ya isar hayar ɗaki da abinci a lokaci guda. Sai wani ɗan ƙasarmu ya haɗa ni da wata tsohuwa, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta hana ta doguwar tafiya. Ta ce za ta ba ni ɗaki a kan rabin kuɗi, da sharaɗin in riƙa fita da karenta safe da yamma. Na yi jim. A gidanmu ba a kiwon kare. Kare na mafarauta ne da makiyaya, yaron birni kuwa in ya hango shi dutse yake nema. Amma sanyi na tafe, aljihu kuma babu nauyi, sai na ce na yarda.

Karen irin wanda ake kira basenji ne. Ja ne mai farin ƙirji da fararen ƙafafu, bai wuce kilo 11 ba, kunnuwa a tsaye, wutsiya a naɗe bisa gadon baya, goshi duk tamoji kamar dattijon da ake bi bashi. Da a Damagaram na gan shi, cewa zan yi karen ƙauye ne ya samu gata. Abin da ya raba shi da sauran karnuka shi ne ba ya haushi. In farin ciki ya kama shi sai ya ɗaga kai ya saki wani sauti mai kama da guɗa. Yana da dogon suna a takarda, wanda harshena ya ƙi ɗauka, saboda haka na laƙaba masa Bebe, tun da ba ya magana irin ta ƴan'uwansa. Madam ta ji daɗin sunan ƙwarai, domin a Faransanci kalmar na nufin jariri, ta ɗauka ƙauna ce ta sa na kira shi haka. Ban gyara mata ba.

Wata tara muka yi muna zagayen unguwa, shi a gaba ni a baya, igiya a tsakaninmu. Ban taɓa shafa kansa ba. Ina yi masa aiki ne kamar yadda ɗan haya ke share tsakar gida.

Da zafi ya shigo a 2013, Madam ta tafi asibiti a yi mata aikin gwiwa, daga can kuma za ta wuce gidan jinya na mako uku. Aka bar ni da Bebe mu biyu. A nan ne na ga abin da ban gani ba a da, domin ita ce ke cika masa kwano, ita ce ke buɗe masa ƙofar lambu da dare. Karen nan shan ruwa yake yi kamar raƙumin da ya fito daga Tenere. Kwanon lita biyu kan ƙare kafin la'asar. Da dare kuwa sau uku, wani lokaci sau huɗu, yake karce ƙofar ɗakina don in fitar da shi. Ina cikin rubutun jarrabawa, barci ya yi mini ƙaranci. Wata asuba na fito alwala na tarar ya jiƙa barandar da nake shimfiɗa dardumata. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, amma fitsarinsa najasa ne, ni kuma na gaji da wanki da guga.

Sai na yi dabarar da na ɗauka hikima ce. Da magariba ta yi sai in ɗauke kwanon ruwa in ɗora bisa kabad, ba ya sake ganinsa sai gari ya waye. Daren farko na yi barci mai daɗi. Dare na biyu na ji motsi a banɗaki ban kula ba. A dare na uku na tashi na same shi cikin bahon wanka yana lasar bakin famfo, inda ɗigo ɗaya ke faɗowa bayan ɗigo. Ya juyo ya dube ni, bai yi ko gurnani ba. Da safe da muka fita ya riƙa tangaɗi, ya tsaya ya yi fitsari a dandamalin lambu, ya kwanta a gefe yana haki. Kafin in gama ɗaura takalmi sai ga kiyashi ya yi layi daga gindin bango, ya kewaye wurin.

Na tsaya ina kallo, Damagaram ta dawo mini gaba ɗaya. Na kira Inna a waya na ba ta labari, har da zancen kwano. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai ɗan nan, a ina ka koyo wannan? Dabbar da ba ta da baki ka hana wa ruwa?" Ta tuna mini da hadisin nan na mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa daga rijiya, Allah Ya gafarta masa saboda haka. Ta ce in ajiye waya in kai shi inda za a duba shi.

A wurin likitan dabbobi na shiga da gadarar wanda ya riga ya san amsa. Na ce mata ciwon sukari ne, allurar insulin yake bukata, na ga irinsa a gidanmu. Ta saurare ni, ta tsoma ƴar takardar gwaji a fitsarin, launinta ya sauya nan take: sukari ne, mai yawa. Na gyaɗa kai. Sai ta ɗebi jini ta auna, ta juyo mini da na'urar in gani da idona. Sukarin jininsa daidai yake, ko kaɗan bai hau ba. Ta ce da ta bi maganata ta yi masa insulin, da sukarin jinin ya faɗi ƙasa warwas, kuma hakan kan kashe kare. Ta tambaye ni yawan ruwan da yake sha, na ce ya kusa lita uku. Ta ce kare mai nauyinsa rabin lita da ɗan ƙari ya ishe shi a yini. Da ta tambayi dalilin da ya sa jikinsa ya bushe haka, na faɗa mata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, ruwan nan da yake sha shi ke riƙe da ransa, kada in sake ɗauke kwanon ko na sa'a guda. Aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa.

Ita ce ta fara gaya mini sunan cutar: Fanconi, sunan wani likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan, Guido Fanconi, wanda ya bayyana irinta a jikin yara a shekarun 1930. A jikin basenji kuwa a shekarun 1970 aka fara ba da rahotonta. Cutar ƙoda ce, kuma gadonta ake yi.

Na daɗe ina neman yadda zan fahimci aikin ƙoda, sai da na tuna da mata masu shiƙar gero. Mai shiƙa ba ta tsince ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga ƙwarya take yi ta zubo komai, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta faɗa cikin ƙwaryar da ke ƙasa. Haka ƙoda take. Da farko takan tace jini ta fitar da ruwa mai ɗimbin yawa tare da duk abin da ya narke a cikinsa, mai amfani da marar amfani. A jikin mutum abin da take tacewa ya kai kimanin lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk komawa jini yake yi ta wasu siraran bututu, dubu ɗaruruwa a kowace ƙoda, waɗanda ke maido da sukari, da gishirin jiki, da sinadaran gina tsoka, da wani sinadari ɗan'uwan kanwa mai suna bikabonet, wanda ke hana jini yin tsami. A jikin Bebe ƙwaryar ƙasa ce ta tsage. Tsaba na bin ƙaiƙayi. Sukarin da ke zubewa yana jan ruwa ya tafi da shi, shi ya sa fitsari ya yi yawa, ƙishirwa kuma ta biyo baya. Ni na ɗauka yawan sha ne ke kawo yawan fitsari, ashe yawan fitsari ne ke kawo yawan sha. In ba a tare abin ba, jini ya yi tsami, tsoka ta zube, a ƙarshe ƙodar ta mutu.

Cutar ba ta warkewa, amma ana iya zama da ita. Wani ma'aikacin lafiya Ba'amurke, Steve Gonto, wanda nasa basenjin ya kamu, ya tsara hanyar jinya a wajajen 1990, kuma da ita likitarmu ta yi aiki. Hikimar mai sauƙi ce: abin da ƙoda ke zubarwa, a mayar da shi ta baki. Ƙwayoyin bikabonet kullum, da bitamin, da abinci mai nama matuƙar ƙodar na aiki, da ruwa a kowane lokaci. Yawan ƙwayoyin ba da ka ake yanke shi ba, sai an auna jini lokaci zuwa lokaci. Na tambaye ta ko kanwar da muke ba dabbobi a gida za ta yi, ta ce ba wanda ya san adadin abin da ke cikin kowane dunƙule, magani kuma da awo ake ba da shi.

Da Madam ta dawo tana dogara sanda, na zayyana mata komai ban rage ba. Na zaci za ta ce in tattara kayana. Ta daɗe tana shafa kan Bebe, sa'an nan ta ce in miƙo mata wani jan fayil daga kabad. A ciki akwai takardar asalinsa, kakanni hawa biyar, kowane da sunansa da lambarsa da kyaututtukan da ya ci a gasa. Ta ce, "Dubi nan, ɗana. Uwarsa lafiya lau ta tsufa, ubansa haka. Daga ina ya kwaso?"

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna kuma cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A wannan cuta duka biyun gaskiya ne. Kowane kwikwiyo yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya karɓi gurɓatacciya guda ɗaya kawai, lafiyarsa ƙalau har tsufa, sai dai yana ɗauke da ita a ɓoye. In irin waɗannan biyu suka haɗu, kowane ɗa da za su haifa yana da kashi ɗaya cikin huɗu na karɓar gurɓatattu biyu, shi ne zai kamu. Wanda ya san yadda sikila ke fitowa daga iyaye biyu masu AS ya riga ya san wannan lissafi. Abin da ya ƙara wa Fanconi mugunta shi ne haƙurinta: galibi ba ta bayyana sai kare ya kai shekara 4 zuwa 8, lokacin da ya riga ya yi barbara, ƴaƴansa sun watsu cikin gidaje.

Na duƙa a kan takardar nan ina bin sunaye da yatsa, sai na ga suna ɗaya ya fito a dangin uwa, ya sake fitowa a dangin uba, har sau uku. Na shiga karanta tarihin irin. Basenji karen farauta ne na dazuzzukan Kwango, inda mafarauta ke rataya masa ƙararrawar itace a wuya don su san inda yake, tun da ba ya haushi, yana koro musu namun daji zuwa cikin raga. Waɗanda aka fara kaiwa Ingila cuta ta kashe su. Sai a shekarun 1930 wata Baturiya, Olivia Burn, ta yi nasarar raya su, aka nuna su a babbar gasar karnuka ta Crufts a 1937. Daga ƴan tsirarun karnukan da aka shigo da su a wancan zamani, waɗanda har yau ana iya lissafa su da sunayensu, akasarin basenjin Turai da Amurka suka fito. An rufe littafin rajista, aka ce wanda ba ya ciki ba shi da asali. Dangi ya yi ta auren dangi, ƙwayar da take ɓoye ta yi ta gamuwa da ƴar'uwarta. Da abin ya ishi masu kiwo a Amurka, sai wasunsu suka koma Kwango, wadda ake kira Zayar a lokacin, a 1987 da 1988, suka sayo karnukan ƙauye. A 1990 ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta buɗe littafinta ta karɓi 14 daga cikinsu. Karen da ba shi da takarda aka je nema don ya gyara mai takarda.

Ba basenji kaɗai ba ne. Karen cocker na Ingila yana da tasa cutar ƙodar ta gado, mai kashe shi tun bai cika shekara biyu ba. A wani dangi na samoyed, farin karen ƙasashen ƙanƙara, uwa ce ke miƙa cutar, ƴaƴa maza kuma su ne ke mutuwa da ƙuruciya. Kowane iri da aka killace don a kiyaye kamanninsa ya kiyaye har da abin da ba a so.

Kalmar gado a rubuce ɗaya ce da gadon kwanciya, a baki ne suke rabuwa. A ƴan kwanakin nan na ga Madam tana kwance a kan ɗaya tana juyi saboda ɗayan. Bebe ya yi barbara sau biyu da karyar wata ƙawarta. Basenji sau ɗaya take neman namiji a shekara, da kaka, ta haihu cikin hunturu. An samu ƴan kwikwiyo biyar a ƙarshen 2009, huɗu a ƙarshen 2010, duk an sayar. Wata rana da dare Madam ta faɗa mini abin da ke cin ta. Tun 2007 akwai gwajin farko da ke nuna alamar kare mai ɗauke da cutar, ta ji labarinsa a taron masu kiwo, amma ta dubi karenta yana tsalle kamar ɗan akuya ta ce wannan ba ya bukata. A 2011 masu bincike a Jami'ar Misuri ta Amurka suka gano ainihin ƙwayar, mai suna FAN1, aka samu gwaji na kai tsaye: a goga ɗan auduga a cikin kumatun kare a aika ta gidan waya. Shi ma ba ta yi ba.

Muka aika na Bebe da na karyar. Amsa ta dawo: shi gurɓatattu biyu, ita ɗaya. Ma'anar haka, duk ƴaƴansu tara suna ɗauke da ƙwayar, kuma kowannensu rabi da rabi ne, ko ya kamu ko ya tsira. Manyan suna da shekara uku da rabi. Ba wanda ya fara ciwo tukuna.

Madam ta ajiye littafin lambobin waya a kan tebur, kwana huɗu ba ta buɗe shi ba. Shekara talatin ta yi ana ganin girmanta a cikin masu son wannan iri. Ta ce za su ce ta yaudare su, wasu za su nemi kuɗinsu, ƙawarta ma ta roƙe ta ta yi shiru tun da ba doka ce ta tilasta ba. Ta tambaye ni, "Kai da kai ne, me za ka yi?" Ban ga kaina a matsayin mai ba da fatawa ba, ni da na ɗora kwano bisa kabad. Abin da na iya ce mata shi ne, a cikin gidajen nan tara akwai wanda wata rana karensa zai dame shi da dare, kuma zai yi irin dabarar da na yi in ba a gaya masa ba.

Washegari ta fara kira, ni ina gefe ina rubuta wanda ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba. Mun samu bakwai. Wani ya zage ta ya kashe waya. Wata mata ta fashe da kuka, sa'an nan ta yi godiya. Wani mutum a kusa da Liyon ya ce ya riga ya shirya haɗa tasa karyar da namiji a kakar nan, har ya karɓi kuɗin kafin alƙalami daga masu jiran ƴan kwikwiyo. Ya yi shiru mai tsawo, ya ce zai fara gwaji. Biyar suka yi gwajin, biyu suka fito da gurɓatattu biyu, ciki har da karyar mutumin Liyon. Ya fasa barbarar, ya mayar da kuɗin mutane. Masu waɗannan biyun suka koyi tsoma takardar gwaji a fitsari kowane wata, don a kama ciwon tun ranar da ya leƙo. Biyun da ba mu samu ba sun sauya gida da lamba. Har na bar Faransa Madam tana aika wasiƙa zuwa tsohon adireshinsu.

Sauran shekara biyun da na yi a gidan, ni ne mai ba da magani. Bebe ya ƙi jinin ƙwayoyin nan, in ka sa a abinci sai ya cinye ya tofo su gefe ɗaya a jere. Na koyi naɗe su cikin cuku mai laushi, in ba shi loma ta farko babu komai, ta biyu da magani, ta uku a hannuna yana kallo don ya yi saurin haɗiye ta biyun. A haka hannuna ya saba da bakinsa, ban ma san ranar da na fara shafa kansa ba. Aikina na ƙarshe kowane dare shi ne in cika kwano biyu, ɗaya a madafa, ɗaya a bakin ƙofar ɗakina, in bar ƙofar lambu a sakaye. Dardumata na mayar da ita cikin ɗaki, abin da ya kamata in yi tun farko. Tsokarsa ta dawo, gashinsa ya yi sheƙi, guɗarsa ta dawo.

Na komo gida a 2015. A farkon 2018 saƙon Madam ya iso: ƙodar ta gaza daga ƙarshe, Bebe ya mutu yana da shekara goma sha ɗaya da ƴan watanni, wanda ba gajeren rai ba ne ga kare. Ina zaune a tsakar gida a Birni na karanta, Inna tana gefe tana tsintar shinkafa. Na gaya mata karen nan na Faransa ya mutu. Ta ɗago kai ta ce, "Ba da ƙishirwa ba dai?" Na ce a'a, Inna, kwanonsa a cike yake. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tsintarta.